Baba Kar-Ka-Motsa da Tsibirin Mai Akuya

Duk wanda ya taɓa yin aure a unguwar, ko ya gama makaranta, ko dai kawai ya ɗinka sabbin kaya yana so duniya ta shaida, to ya taɓa zuwa bakin teku. Hujjar tana nan rataye a bangon ɗakinsa. Ga shi tsaye, hannu a ƙugu, shuɗin ruwa a bayansa, bishiyar kwakwa ta sunkuyo kamar za ta gaishe shi. Wannan tekun kuwa yana cikin wani ɗan shago ne tsakanin mai aski da mai gyaran fanka, kuma faɗinsa bai fi zanen gado biyu ba. Labule ne. Mai shi wani mai ɗaukar hoto ne da yara da manya ke kira Baba Kar-Ka-Motsa, domin tun yana saurayi, in ya ɓoye fuska a bayan kyamara, ba a san shi da wata magana ba sai wannan.

Wani mai rubuta allunan shaguna ne ya zana masa labulen, shi ma kuwa bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Saboda haka bishiyar ta fi kama da tsintsiyar da aka kafa a kife, kwale-kwalen ya fi tsibirin girma, tsuntsayen da ke sama kuma sai ka ce gashin baki ne ya tashi sama ya bar mai shi. Amma a cikin shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Akwai ma wanda ya aika wa surukansa hoton, ya bar su suka ɗauka abin da suka ga dama.

Shi kansa Baba mutum ne mai gaskiya, in dai da baki ne. Hannunsa ne ba shi da tsoron Allah. Ya share ƙuraje daga fuskoki ba adadi, ya mayar wa masu sanƙo gashinsu, ya rage wa manyan mutane tumbi ba tare da sun bar cin komai ba. An sha ƙulla soyayya a kan hoton da ya fito daga shagonsa, an kuma sha yin tsaye cirko-cirko ranar da aka ga juna ido da ido. Wannan aikin ya koya masa abu ɗaya da ya riƙe gam: duk hoton da ya yi kyau, akwai abin da aka ture gefe.

Da wayoyi suka cika gari, kowa ya zama mai hoton kansa, sai tekun Baba ya rasa masu ziyara. Abin da ya rage masa shi ne hoton fasfo. Ya sauke farin ƙyalle a kan labulen, ya zaunar da mutum a kan kujera marar jingina. Ɗaga haɓa. Cire tabarau. Bar dariyar nan, ba biki za ka ba. Kar ka motsa. Ya yanka musu ƙananan fuskokinsu da almakashi, ya zuba a ambulan, su kuma su hau jirgi su tafi. Rabin matasan unguwar ta hannunsa suka bi suka fita duniya. Shi kam mafi nisan tafiyarsa ita ce wurin sayen takardar wanke hoto.

Abin ya fara ne ranar da wani ango da amaryarsa suka ce su dai a gaban tekun suke so, don a nan iyayensu suka tsaya. Baba ya ji daɗi har cikin ransa. Ya gyara musu tsayuwa, ya ɗauka, ya wanke, ya sa a firam mai ruwan zinari. Angon ya karɓa ya duba, ya ƙara dubawa.

"Baba, tekun nan naku yoyo yake yi ne?"

A gefen hoton, daidai inda ruwa ya haɗu da yashi, ga bokitin roba da sandar goge ƙasa a ciki, tsaye ƙiƙam kamar su ma an gayyace su. Baba ya kalli hoton bai ga komai ba, sai da ya karkata kai tukuna. Mutumin da ke hango zare ɗaya a kafaɗar riga daga ƙofar shago, yau bokiti guda ya shige masa hoto bai sani ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa fitowa. Kafaɗarsa ta ƙulla gaba da bakin ƙofa. Kekuna suka koyi ɓullowa daga inda babu hanya. Matarsa, wadda yake kira uwar yara ko da yake yaran duk sun yi nasu yaran, ba ta tsaya neman shawararsa ba, ta tasa shi a gaba sai asibitin ido.

Likitan ya sa shi ya leƙa cikin wata na'ura, ya ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga haske. Baba ya zauna yana jiran hasken, ashe hasken ya yi ta zuwa yana wucewa.

"Baba, hawan jinin ido ne," in ji likitan. "Ganinka yana rufewa daga gefe, kamar ana jan labule daga dama da hagu. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawar nan zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba."

"Zuwa yaushe labulen zai haɗe?"

"Wannan sai Allah. Amma in akwai abin da kake so ka gani, kada ka bari sai baɗi."

Ya koma shago ya ɗage farin ƙyallen, ya zauna a kan kujerar da yake zama kullum. Da, daga nan yana ganin labulen gaba ɗaya. Yanzu in ya ga bishiyar, kwale-kwalen ya ɓace. In ya nemo kwale-kwalen, babu bishiya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, kuma tare da tsoron wani abu ya taso masa mai kama da haushi. Ya sayar wa mutane teku tsawon rayuwarsa, bai taɓa ganin kayan da yake sayarwa ba.

Da yamma, suna zaune a tsakar gida, ya ce, "Uwar yara, zan je tsibiri."

"Allah ya kiyaye hanya. Ka biyo mana da sabulu."

"Da gaske nake. Na gaske, mai ruwa ta ko'ina. Kuma ni kaɗai."

Ta ajiye abin da take tsincewa. "Kai kaɗai? Maigida, kai da ko kasuwa in ka je sai ka dawo ka tambaye ni me ka je saye? Me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba. Tun ina saurayi, duk lokacin da na kalli tekun nan akwai wani a tsaye a gabansa. Ko ango, ko mai sabon takalmi, ko iyali guda ina ta ku matso, ku matso. So nake in ga teku sau ɗaya babu kan kowa a ciki."

Maganar ta ɗan sosa mata rai, don ita ma ta taɓa tsayawa a gaban labulen nan da jaririya a hannu. Amma ita mace ce da ba ta yarda da ruwan da ya fi ƙarfin baho ba, kuma ta ji abin da likita ya faɗa da kunnenta.

"To, je ka," ta ce. "Dama ni ko an biya ni ba zan hau abin da babu birki a ruwa ba."

Ya sayar da babbar kyamararsa da fitilun nan masu lema, ya bar ƙaramar ta fasfo. Abin da ya samu, da ɗan abin da ya daɗe yana ɓoyewa, zai iya kai mutum ɗaya ya dawo da shi, in dai mutumin ba mai yawan jin yunwa ba ne.

Labari ya isa shagon mai aski kafin ya isa ko'ina. Mai askin bai taɓa kwana a wajen gari ba, amma ya aske kan matafiya da yawa, ilimin duk ya zubo masa tare da gashin.

"Abokina, tafiyar talaka dabara ce," ya ce, almakashi na ta ƙaf-ƙaf a iska ba ya yankan komai. "Ka je lokacin da ruwan sama ya kori masu kuɗi, a lokacin har gado yana roƙon mai kwana. Kada ka kama ɗaki, akwai inda ake jera gadaje wani kan wani, ku kwana ku goma da baƙi, kowa ya rungume takalminsa. Jirgi kuma ka nemi wanda ke tsayawa a kowace ƙasa kamar motar haya. Kaya? Ka sa su duka a jikinka. Ba a auna mutum, jaka ake aunawa."

"Wane tsibirin zan je?"

"A'a, wannan kuma kowanne. Ruwa ai ruwa ne."

A nan ne suka raba hanya, don a wurin Baba ruwa ba ruwa ba ne. Tafiya ɗaya gare shi, ido kuma ragowa ne. Ba zai kashe su a kan abin da aka gyara da hannu ba.

A bakin babban titi akwai ofishin sayar da tikitin jirgi, ɗan ɗaki mai sanyi da teburi ɗaya da kujerun roba. Mai tikitin wata matashiya ce mai fara'a, wadda Baba ya ɗauke ta hoto tun ba ta iya zama ba sai an tokare ta da matashi. Ta tarbe shi da murna, ta juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Baba, ga wannan. Shi kowa ke so. Farin yashi, ruwa kamar gilashi, kuma akwai ɗakunan masu ƙaramin ƙarfi a bayan gari."

Baba ya zaro ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu, wanda yake duba ƙurajen amare da shi, ya kafa a kan hoton. Ya bi shi kusurwa-kusurwa.

"'Yata, wannan shuɗin na kwalba ne. Allah bai halicci irinsa ba. Na san shi, da shi nake yi wa 'yan makaranta sararin sama."

Ta yi dariya ta nuna masa wani. Ya ce a dubi inuwar lemar, ta faɗi dama, ta mutumin kuma ta faɗi hagu, ko dai tsibirin rana biyu gare shi? Ta nuna na uku. Ya daɗe a kansa, har ta fara sa rai. Sai ya ce ta koma na farko. Ta koma. Ya buga cinya.

"Kin gani! Bishiyar nan mai lanƙwasa, ita ce a can, ita ce a nan. Har ganyen da ya karye ɗaya ne. Aronta suke yi wa juna!"

Tun daga ranar ya mayar da ofishin wurin aikinsa na biyu. In ya rufe shago da rana, sai ya tafi duba tsibirai kamar mai duba shanun saye. Sunayensu na gaskiya ba sa zama a kansa, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Shuɗin Kwalba, akwai Mai Rana Biyu, akwai Mai Bishiyar Aro. Akwai wanda ya kira Gidan Makoki, don an nuna bakin ruwa fayau babu ko mutum ɗaya, shi kuwa ya san abin da hakan ke nufi: an share mutanen ne, har ya gano sawun wani da aka manta a yashi babu mai shi. Akwai wanda aka ɗauka daga sama, ya ce duk wanda ya hau sama don ya ɗauke ka, akwai abin da ba ya so a gani a ƙasa. Wanda aka ɗauka da faɗuwar rana kuma ko kallo na biyu bai samu ba, don da wannan hasken ko juji ka ɗauka sai an yi sha'awar gina gida a kai.

Gaskiya ne bai faɗi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma wannan ne ya lalata al'amarin. Mai tikiti ta fara da dariya, ta koma murmushi, ta koma in ta hango hularsa daga taga sai ta tuna tana da kiran waya. Damina ta zo, lokacin arahar da mai aski ya faɗa, ta wuce Baba yana kan bincike. Farashin jirgi ya hau, ya ɗan sauko, ya sake hawa. A unguwa aka daina tambayarsa yaushe tafiya, aka koma tambayarsa ya mutanen tsibiri. Shi kuma ya riƙa amsawa da cewa mai hankali ba ya gaggawa, yana jin kansa kamar wani alƙali.

Uwar yara ce kaɗai ba ta dariya. Ita ce ke ganin yana tsiyaya shayi a gefen kofi. Ita ce ta lura ya daina karanta allon shaguna a hanya, ya koma tafiya yana juya kai dama da hagu kamar fanka. Ita ce ke ɗiga masa magani safe da yamma, tana kallon idanun nan da suke nan garau kamar babu abin da ya same su.

Wata safiya ta yafa mayafi ta ce, "Yau da ni za a je. Ina so in ga tsibiran nan da suka fi ƙarfin kowa."

Mai tikiti ta gan su tare, ta ji kamar an kawo mata ɗauki. Ta ba uwar yara kujera a gefen hagu na Baba. Ta buɗe kwamfuta, sannan ta tsaya.

"Baba, wallahi masu kyan sun ƙare. Saura guda ɗaya, ban taɓa nuna wa kowa ba don kunya. Shi ne mafi araha. Ba su da masu talla. Hoton ma wani direba ne da na sayar wa tikiti ya turo mini."

Hoton ya fito. Kai, an ci zarafin sana'a a wurin nan. Tekun ya karkace kamar zai zube ta gefe ɗaya. Babban yatsan mai ɗaukar ya cinye kusurwa guda. Sama toka-toka, ruwan ma toka-toka, yashin kalar ƙasar ko'ina. Ga kujerar roba mai ƙafa uku an tokare ta da dutse. A tsakiya kuma, inda ya kamata a ga kyakkyawar mace da hular rana, wata akuya ce ta juya wa kyamara baya tana cin kwali.

Baba ya kafa gilashinsa. Ya bi sama, ya bi ƙasa, ya bi inuwar akuyar har ƙarshenta. Ya nemi inda aka taɓa, bai samu ba. Ya sake nema.

"Babu ƙarya a ciki," ya ce a hankali. Sai kuma ya gyara murya. "Amma fa wanda ya ɗauki wannan ya cancanci bulala. Kuma wa ya sani ko akuyar tana cizo. Bari dai mu ƙara dubawa zuwa wani watan."

A daidai lokacin wani ya turo ƙofa ya leƙo, ya ga da mutane, ya ja ta ya rufe. Baba ya ji ƙarar ƙofar. Ya dubi gabansa, mai tikiti kaɗai ya gani. Ya ɗauka uwar yara ce ta yi fushi ta fita, don ya san halinta. Sai ya matso da kujera, ya rage murya.

"'Yata, tunda ta fita, bari in gaya miki, amma kada ki gaya mata. Ba hotunan ba ne. Tun na biyu da kin matsa mini da na tafi. Tsoro nake ji. Muddin ina zaɓe, tekun yana nan yana jirana. In na je na tsaya a gabansa na tarar idon bai kai ba fa? In dawo in ce mata me? Na sayar da kyamara, na bar ta ita kaɗai, na je na ji ƙarar ruwa?"

Idon mai tikiti ya cika da ƙwalla, kuma ba shi take kallo ba, gefensa take kallo.

"Ina nan, maigida."

Muryar ta fito daga dab da kafaɗarsa. Ya juya kai gaba ɗaya kafin ya same ta. Tana zaune inda take tun farko, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon hannu ba. Kunya ta rufe shi, bayan kunyar kuma ya gane abin da ita ta riga ta gane. Da bara ne, da ya gan ta.

Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta juya wurin mai tikiti.

"'Yar nan, yanka masa na akuyar. Mafi kusa. In ya sake buɗe baki ki ce kwamfuta ta riga ta danna."

Ya tafi a tsakiyar daminar da ta zagayo, kamar yadda mai aski ya tsara, sanye da riguna uku da wando biyu, yana zufa kamar an tsamo shi. Jirgin ya tsaya a wurare har ya daina tambayar ina ne. Daga nan mota, daga nan wani jirgin ruwa mai warin kifi da man inji, inda aka cusa su a ƙasa tare da buhuna, tagogi a rufe saboda ruwan sama. Ya ratsa teku bai gan shi ba, ya dai ji shi a cikinsa. A masauki aka ba shi gadon sama, ya roƙi wani baƙo mai gashi har kafaɗa suka yi musanya da hannu da ka, don ba mai jin yaren wani. Ya kwanta rungume da takalminsa. Aka yini biyu ana ruwa.

A safiya ta uku aka ɗauke. Ya ɗiga maganinsa, ya bi wata siririyar hanya tsakanin gidaje, yana bin ƙarar da tun isowarsa ba ta yi shiru ba. Ya fara cin karo da kujerar, da gwiwarsa. Ƙafa uku, da dutsenta. Ya yi dariya shi kaɗai kamar ya gamu da ɗan unguwarsu. Akuya ma tana nan, ko ita ko 'yarta.

Sannan ya ɗaga kai.

Abin da ya gani bai fi hoton fasfo ba. Ɗan murabba'in ruwa, toka-toka da kore a ciki, farin kumfa na tasowa yana faɗuwa. Kewaye da shi babu komai, ba duhu ba, babu dai kawai. Ya tsaya. Da ya zo bara, da ya samu girman katin gayyata. Wannan ya sani, kuma ya san ba bishiyar aro ce ta cinye masa bambancin ba.

Amma ɗan abin da ya samu yana motsi. Bai taɓa tunanin wannan ba. Shekara talatin tekunsa na tsaye cak inda mai fenti ya bar shi, wannan kuwa ko na ƙiftawar ido bai tsaya ba, kuma babu mai ce masa ya tsaya. Baba ya juya kai kaɗan zuwa dama, ya samu wani fasfon, da kwale-kwale a ciki, ƙarami ƙwarai, daidai yadda ya kamata. Ya ƙara juyawa, ya samu wani. Ya fara daga inda yashi ya ƙare a hagu, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ranar da 'yan makaranta suka yi masa layi.

Yana cikin haka sai tekun ya ɓace ɗungurungum, wata riga mai furanni ta maye wurinsa. Wani mutum ne ya tsaya a gabansa da kyamara a wuya, yana washe baki, yana nuna masa wani abu a gefe. Baba ya bi hannun da kallo. An ɗaure labule tsakanin bishiyoyi biyu, an zana babban birni a kai: dogayen gidaje, titi, motoci da suka fi gidajen girma. Wasu 'yan tsibirin, miji da mata cikin sababbin kaya, suna tsaye a gabansa hannu a ƙugu, sun ba teku baya.

Baba ya kalli labulen, ya kalli abokin sana'arsa. Ya so ya gaya masa cewa akwai igiyar shanya da za ta shigo masa ta gefen dama, amma babu yaren da zai faɗa da shi, kuma ba shi da lokacin. Ya kama hannun rigar mutumin, ya ja shi gefe a hankali.

"Motsa, ɗan'uwa," ya ce. "Don Allah motsa."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihun riga ta ciki, sai da ya bi ta riguna biyu kafin ya kai gare ta. Uwar yara ce.

"Maigida, an ɗauke ruwan? Ka je?"

"Ina gabansa."

Ya ji numfashinta, ya san abin da take tsoron tambaya.

"Ka gan shi?"

"Ina ganinsa. Kaɗan-kaɗan nake ɗauka."

"Babba ne?"

"Ban sani ba tukuna, ko rabi ban kai ba. Kada ki kashe, uwar yara. Riƙe wayar, ki ji shi, ni kuma in ci gaba daga inda na tsaya."